Abin da Ya Dace a Shuka a Kwamin Siminti na Gida



Duk wanda ya ratsa Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ya ga irin kwamin nan na siminti da magina ke mannawa a jikin baranda ko gindin katanga. Galibinsu ba su wuce ƙafa ɗaya a zurfi ba. Da yawanmu a irin waɗannan gidaje za mu kama haya in mun fara aiki, shi ya sa na zaɓi in yi magana a kansu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a dubi ganye a manta da saiwa. Yayana ya dasa reshen ceɗiya a kwamin gidan da yake haya a Gyaɗi-Gyaɗi, wai yana son inuwa. Kafin damina ta uku saiwa ta tsaga kwamin, ta soma cin katanga, maigida ya ce ko a gyara ko a tashi. Albashin wata guda ya tafi wajen magini. Ceɗiya da durumi da darbejiya itatuwan fili ne, saiwarsu tana bin danshi duk inda yake, ba ta kuwa san darajar siminti ba. Ko zogale, da ake ganin ba shi da ɓarna, yana son zurfin da kwamin ba shi da shi.

Sai kuma zafi. A bazarar Kano, watau Maris zuwa Mayu, rana takan kai digiri 40, siminti ya sha ta yini guda, ya yi ta gasa saiwa har bayan magariba. Saboda haka kwamin da ke fuskantar yamma a ba shi kabar giwa ko lalle, muddin za a riƙa datse lallen. Wanda ke samun ranar hantsi kaɗai, shi ne na na'a-na'a da ɗoɗɗoya da attarugu. Ni dai na fi son waɗannan a kan furen kallo, domin suna shiga tukunya. Lansir da salak kuwa sai da hunturu.

Kafin a zuba ƙasa lalle ne a duba ko akwai hudar da ruwa zai fita, a kuma tabbata waje take kallo. In babu, ruwan Agusta zai kwanta, saiwa ta ruɓe, danshi ya hau bango ya ɓanɓare fenti. Jera tsakuwa a ƙasa ba ya maye gurbin huda, ko da yake haka aka saba faɗa. A gauraya ƙasa da yashi da takin da ya riga ya ruɓe, don ɗanyen kashin kaji ƙone shuka yake yi.

Na san ruwan ɗan-garuwa da kuɗi ake saye. Ruwan alwala da na wanke shinkafa sun ishi kwami ɗaya, a zuba da asuba ko da la'asar sakaliya, amma ban da ruwan wanki mai omo.