Hayaƙin madafa da numfashin yaro: jawabi a kan zaɓen murhu

 

Kun saba jin muna magana a kan abin da ke cikin tukunya: kunu mai gyaɗa, wake, zogala, ɗan mai a abincin yaro. Yau ƙarƙashin tukunya za mu leƙa, wajen wuta da hayaƙinta, domin abin da yaro ke shaƙa yana iya rushe abin da ya ci.

In kun koma gida, ku ɗaga kai ku dubi rufin madafa. Baƙar kunkunniyar nan da ta lulluɓe azara da kara, irinta ce ke shiga ƙirjin mai girki da na goyon da ke bayanta. Wadda ido ke gani ma da sauƙi, don hanci da maƙogwaro suna tare wani abu daga cikinta. Akwai wata ƙura a cikin hayaƙi da ta fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba, ita ce ke wucewa har can cikin huhu, wata ma ta shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a duniya, cikinsu har da yara fiye da 237,000 da ba su kai shekara 5 ba. Ta kuma ce kusan rabin yaran da ciwon huhu ke kashewa a waɗannan shekaru, da hannun hayaƙin gida a ciki. A Nijar kuwa fiye da gida tara cikin goma da itace, gawayi, kara ko kashin shanu suke girki, don haka kusan babu gidan da maganar ba ta shafa ba.

Mai yiwuwa wata ta ce, to me ya haɗa hayaƙi da tamowa? Hanya biyu ce. Yaron da ciwon huhu ya kama yakan ƙi nono, ya ƙi kunu, zazzaɓi ya cinye ɗan naman jikinsa, ya tashi a rame. Ramammen yaro kuma shi ne ciwon ya fi saurin sake kayarwa, kuma shi ya fi wahalar tashi. Mai ciki da ke wuni cikin hayaƙi ita ma ta fi haɗarin haifar jariri marar nauyi. Hanya ta biyu ta itace ce. Yaro mai wata 6 zuwa 8 yana bukatar abinci sau 2 zuwa 3 a rana ban da nono, daga wata 9 zuwa shekara 2 kuma sau 3 zuwa 4. Uwar da itacenta bai wuce na sanwa ɗaya ba, da me za ta dama kunun safe, da me za ta ɗumama na rana? Sai a bar wake don yana cin wuta, a ba yaro tuwon jiya da sanyinsa, gudawa ta biyo baya.

Ba mu kaɗai muka taɓa fama da hayaƙin gida ba, kuma akwai abin ɗauka a yadda wasu suka yi da nasu. A watan Disamba na 1952, hayaƙin kwal da mutanen birnin Landan ke ƙonawa don ɗumama ɗakuna ya haɗu da hazo ya zauna a kan birnin kwana biyar. Lissafin farko ya ce mutum 4,000 suka mutu, na baya ya kai adadin kusan 12,000. A 1956 aka yi dokar da ta ba hukumomin gari ikon keɓe unguwannin da aka hana hayaƙi fita daga gidaje. Har yau mazaunin irin wannan unguwa a Ingila ba ya ƙona itace sai a murhun da hukuma ta gwada ta amince da shi, kuma wanda bututun gidansa ya yi ta fitar da hayaƙi ana iya cin sa tarar fam 175 zuwa 300. Tun 2021 an hana sayar wa gidaje ɗanyen itace a ƙananan ɗauri, sai wanda ruwan jikinsa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba. Duk da wannan tsanani, rahoton babban likitan gwamnatinsu na 2022 ya nuna cewa murhun itace na zamani da ya cika ƙa'ida yana fitar da waccan siririyar ƙura fiye da na'urar ɗumama gida mai gas ninki ɗaruruwa.

Su murhunsu na jin ɗumi ne, namu na tuwo, kuma babu jami'in da zai zo ya auna hayaƙin gidanki. Ke ce hukumar madafarki. Amma abin da suka gano ya shafe mu: murhu ya bambanta da murhu, busasshen itace rabin aikin ne, kuma babu murhun itacen da hayaƙinsa ya zama lafiya.

To, me ke gabanmu a kasuwa da cikin gida? Murhun duwatsu uku da muka gada ba a sayen sa, yana ɗaukar kowace tukunya, shi ya sa ya daɗe. Aibinsa shi ne iska na shiga ta ko'ina ta kwashe zafin, har abin da ke isa tukunya bai cika wuce kashi 15 cikin 100 ba. Akwai murhun ƙarfe da ake kira malgash, wanda tukunya ke zama a samansa. Yana ɗan tare iska, amma zafi na tserewa ta gefe. Akwai Mai Sauƙi, shi ma na ƙarfe, wanda maƙeran ƙasar nan ke yi tun shekarun 1980, tukunya tana nutsewa cikinsa har kusa da kunnuwanta. Sai kuma na laka irin Albarka, wanda mace ke iya ginawa da hannunta da yumɓu ko ƙasar shuri, da ƙaiƙayi da kashin jaki, a kwaɓa a bar shi ya ruɓa kamar mako guda kafin gini, ya bushe a inuwa.

Sirrin na ƙarfe da na laka ɗaya ne, yana cikin ƴar tazarar da ke tsakanin jikin tukunya da bangon murhu. Ta nan zafi ke bi ya lashi gefen tukunya kafin ya fita. Idan tazarar ta kai kaurin yatsa ɗaya, aiki ya yi. Idan ta yi faɗi har hannu na shiga, kin koma duwatsu uku da kuɗinki. Idan ta matse, wuta ta shaƙe ta yi ta tuƙa hayaƙi. Shi ya sa ake yin Mai Sauƙi lamba-lamba kamar yadda tukwanen alminiyam suke. Saboda haka, uwargida, ranar sayen murhu ki tafi da tukunyar da kika fi girki da ita, ki zaunar da ita a ciki a gaban maƙeri. Mai ginin na laka kuma a jikin tukunyarta za ta gina shi. Ki duba ƙofar itace, kada ta yi girman da za a cusa gungume, sanda biyu ko uku sun isa. Ki taɓa ƙarfen ki ji kaurinsa, don na bakin ciki ba ya daɗewa wuta ta huda shi. Ki tambaya ko akwai mai gyara a garinku.

Sannan ki gwada shi da tuwo. Murhu da yawa da aka kawo ƙasashenmu da kyakkyawar niyya a nan suka faɗi, domin wanda ya ƙera su bai taɓa riƙe muciya ba. Ruwan zafi da talge kowane murhu na yi. Amma idan aka zo tuƙi, tukunya na rawa, murhu na neman kifewa, mace za ta haƙura kwana biyu ta mayar da shi bayan ɗaki, kaji su samu wurin ƙwai. Na laka ya fi zama daram, sai dai ba ya tashi daga inda aka gina shi, kuma ruwan damina na cin sa in babu rumfa, tsagewarsa kuma tana son a riƙa shafe ta da laka. Na ƙarfe ana kai shi duk inda ake so, amma jikinsa na yin zafi, a kula da mai rarrafe. Don ki san ko ya biya ki, ki ƙirga ɗaurin itacen da kike ƙonawa mako guda a tsohon murhu, ki sake ƙirgawa mako guda a sabon. Wannan lissafi naki ya fi bakin mai talla.

Akwai gaskiyar da ba za mu ɓoye muku ba. Rage cin itace daban, raba yaro da hayaƙi daban. A ƙasar Gwatamala an gwada murhu mai bututun fitar da hayaƙi waje a gidaje kusan 500, aka fitar da sakamako a 2011: hayaƙin da yara ke shaƙa ya ragu da kusan rabi, ciwon huhu mai tsanani ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. A Malawi kuma an raba murhu mai ƴar fanka, wanda ke ƙona itace tas, aka bi yara fiye da 10,000 a ƙauyuka 150 har shekara biyu, a ƙarshen 2016 aka ce ba a ga ciwon huhu ya ragu ba. Murhunan sun yi ta lalacewa, gidaje da yawa sun ci gaba da hura tsohuwar wuta a gefe, ga kuma hayaƙin ƙona shara. A ganina wannan na Malawi ya fi kama da gidajenmu, inda sabon murhu ke dafa miya, duwatsu uku na dafa tuwo, yaro na tsakani.

Don haka wurin girki yana da nauyi kamar murhun kansa. A rani a yi girki a tsakar gida ko a rumfar da gefenta ke buɗe, mai girki ta zauna ta inda iska ke fitowa. Madafar da ke da bango huɗu a huda mata taga biyu masu kallon juna, ɗaya can sama kusa da rufi. Sabara ko geza da aka saro a faskara su a jingine a rana su bushe, kuma a tanadi na damina tun bazara a ɗora shi a kan duwatsu ƙarƙashin rufi. Ɗanyen itace wutarsa na ƙarewa ne wajen ƙafar da ruwan jikinsa. Kara da kashin shanu sun fi itace hayaƙi, in dole ta sa sai su, to a waje. Kada a kunna wuta da leda ko tsohon takalmin roba, gubarsu ta fi ta itace. A jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya, in ta tafasa a janye sanda ɗaya. Lokacin hura wuta shi ne mafi hayaƙi, a sauke goyo a miƙa wa kaka ko wata babba har wuta ta kama sosai.

Da hunturu kuma mu yi hattara da kaskon gawayi a ɗakin kwana. Gawayi ba ya nuna hayaƙi sosai, amma yana fitar da wata iska marar launi marar wari, mai fara wa mutum da ciwon kai da jiri, ta kashe shi cikin barci in ɗaki a rufe yake. Haka ɗakin maijego. Ruwan wankan jego yana cin itace mai yawa har kwana arba'in, a dafa shi a waje, kada a kai wuta inda jariri ke kwance, huhunsa bai yi ƙwari ba.

Maigida, saura kai. Kai ke ba da kuɗin itace ko ka ga matarka da ƴaƴanka mata sun tafi daji tun hantsi. Tun da matatar mai ta Damagaram ta fara aiki a 2011 ana samun gas na ƙasa, kuma ƙaramar tukunya mai kilo 6 ta shiga gidaje da yawa a birane. Wajen tsabtar iska babu murhun itacen da ya kama ƙafarsa. Inda hali ya yi kuma ana samun cikawa a kusa, ko da kunun yaro da ɗumamen safe kaɗai aka mayar kansa, an rage hura wuta sau biyu a rana. Inda babu hali, gina rumfa da huda taga aikinka ne, kuma wuni ɗaya ya ishe su.

Ko da wane murhu kuke girki, ku riƙa lura da numfashin yaro mai tari. A lokacin da ya natsu, a ɗaga rigarsa a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa 11, 50 ko fiye. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. Idan ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki lokacin da yake jan iska, ko ya kasa shan nono, ko barci ya rinjaye shi ba ya farkawa da sauƙi, a kai shi gidan likita mafi kusa a ranar, kada a jira gari ya waye. Idan yana cikin yaran da ake bai wa abincin tamowa, a tafi da katinsa a nuna wa likita tun daga bakin ƙofa.