TARIN FUKA DA RAUNIN JIKI NA GADO

A makon nan zancenmu a kan jarirai ne, da allurar BCG wadda a kan yi musu a dantsen hagu ran haihuwa ko kuwa cikin kwanakin farko.

Wasu masana biyu na ƙasar Faransa, Calmette da Guérin, su suka haɗa wannan allura, aka fara ba jariri a birnin Faris cikin 1921. Abin da ke cikinta ƙwayar cuta ce mai rai, 'yar'uwar ta tarin fuka, amma an raunana ta ƙwarai. Tana tsare yaro daga mugun tarin fuka, musamman wanda ya kan kama ƙwaƙwalwa. Bayan mako biyu ko uku ɗan ƙurji ya kan fito a wurin, ya fashe, ya warke da kansa cikin wata biyu ko uku, ya bar tabo. Wannan ba abin damuwa ba ne, kada a sa masa kome.

Amma akwai yara kaɗan ƙwarai waɗanda aka haifa da wani rauni na gado, har jikinsu ba ya iya kashe ko wannan raunanniyar ƙwaya. Ga yadda abin ya ke. A cikin jini akwai fararen ƙwayoyi, su ne dogaran jiki. Wani iri ya kan haɗiye ƙwayar cutar, sa'an nan ya aika wa wani iri neman taimako. Shi kuwa sai ya mayar da saƙo, wanda likitoci ke kira intaferon gama. Sai saƙon nan ya iso kana a kashe cutar. A jikin yaran nan, ko dai ba a aika saƙon, ko kuwa ba a jinsa. Saboda haka ƙwayar BCG, da ta tarin fuka, da danginsu na cikin ruwa da ƙasa waɗanda ba sa cutar da mai lafiya, sai su yi ta yaɗuwa.

Cikin 1996 aka fara gane asalin abin. Likitoci a Landan suka bincika yara huɗu na wani ƙauye a tsibirin Malta. Cikin shekarar nan kuma na Faris suka sami irin wannan rauni ga wata jaririya wadda BCG ta yi ajalinta. Iyayenta mutanen Tunisiya ne, auren zumunci suka yi.

To, ku lura da wannan. Galibi sai yaro ya gaji raunin daga uwa da uba duka biyu kana ya kamu. Iyayen kuwa lafiyarsu lau, ba su san suna ɗauke da kome ba. In haka ne, kowane ciki aka samu, ana iya cewa kashi ɗaya cikin huɗu ne yaron ya zo da ciwon. Shi ya sa ya fi yawa inda 'yan'uwa na kusa suka auri juna. Kada maigida ya ɗora wa matarsa laifi, ko dangin miji su ce nononta ne ba shi da kyau. Ba maita ba ce, ba kuwa sammu ba.

Ga alamun da za ku kula da su. Ƙurjin allura ya wuce wata uku ko huɗu bai warke ba, sai ma ƙara faɗi ya ke yi. Kaluluwa ta fito a hammata, ta girma, ta yi ruwa, ko kuwa ta bayyana a wuya da wasu wurare. Zazzaɓi mai daɗewa. Yaro yana ramewa, ciki yana kumbura saboda hanta da saifa. In kun ga haka, maza ku kai shi asibiti. Kada ku bari wanzami ya tsaga kaluluwar. Sau da yawa ƙaramar kaluluwa ita kaɗai ta kan baje da kanta, amma likita ne zai faɗa.

Akwai magani. Ana ba yaro magungunan tarin fuka wata da watanni, tilas kuwa a sha har ƙarshe. Wasu a kan yi musu allurar intaferon gama. Wanda nasa ya yi tsanani sai dashen ɓargo a babban asibiti.

Abin da na fi roƙonku shi ne wannan. In wani ɗanku ya taɓa rasuwa bayan ƙurjin BCG ya ƙi warkewa, ko kuwa kun rasa jarirai da ciwon da ba a gane kansa ba, ku gaya wa ungozoma ko malamin asibiti tun kafin a yi wa sabon jariri allura. Na san kunya ta kan hana uwa ambaton ɗan fari, amma a nan kunya ba ta da amfani. In ba ta iya ba, kaka ko uban yaro ya faɗa. Likita zai dakatar da allurar har ya bincika.

Sauran jarirai kuwa, lalle a kai su a yi musu. Tarin fuka yana nan cikinmu, rigakafi kuwa ya fi magani.

Sai mako mai zuwa. Allah ya raya mana 'ya'yanmu, amin.