Mu Faɗi Gaskiya Tun Aikin Yana Ɗanye

Jawabi ga manoman ikkilisiyoyinmu bayan sujada, a Dawakin Kudu



Dukanmu mun sani, manomi ba ya zuba sabon iri a gonarsa duka. Yakan ware ɗan gefe ya gwada tukuna. Ko aikin ban ruwan nan da muke mora daga Dam ɗin Tiga, wanda aka gama a 1974, da gonar gwaji aka soma shi a Kadawa, sa'an nan ya bazu a ƙasar Kura da Bunkure.

Masu ƙera manhajar kwamfuta da ta waya su ma sun koyi wannan darasi. A dā sukan kulle kansu a ofis shekara da shekaru, su fito da abin da bai dace da bukatar mutane ba. A 1991 wani masani mai suna James Martin ya rubuta littafi a kan wata hanya dabam: a yi ɗan samfur da sauri, a ba masu amfani da shi su gwada, a saurari ƙorafinsu, a gyara, a sake kawo masu.

Ga misali a ƙofar gidanmu. Cibiyar binciken shinkafa ta AfricaRice ta ƙera manhajar RiceAdvice. Malamin gona yakan tambayi manomi irin da zai shuka, da lokacin shuka, da abin da ya girbe bara, ita kuma ta ba da shawarar yawan taki da lokacin zuba shi. An gwada ta a gonakin bakin Kogin Senegal, aka kuma gwada ta a nan Jihar Kano tun daga 2016. Manoman da suka sami shawarar, amfaninsu ya ƙaru da kashi 7 cikin 100, ribarsu da kashi 10, ba tare da sun ƙara yawan taki ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mu mutane ne masu kara. Baƙo ya zo da waya ya tambaye mu, sai mu ce, "Ai ya yi kyau, mun gode," alhali ba mu gane ba. Ko a tambayi buhu nawa muka girbe, mu rage, da fatan samun tallafi. Shawarar da aka gina a kan ƙarya, kuɗin takinmu ne za ta ci.

Saboda haka muna roƙon ku abu uku. Ku faɗi ainihin abin da kuka girbe. In rubutun da Turanci ne, ko kadada ake cewa ku kuwa eka kuka sani, ku faɗa. Mata, kada ku bar wa maza magana su kaɗai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

In kun koma gida ku karanta 1 Tasalonikawa 5:21. Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanmu. Amin.