Kafin jamhuriya ta takwas: gyara nake so, ba sabon kundi ba

An ba ni minti goma, zan yi ƙoƙari kada in ci lokacin wani.

Tambayar da aka aza mana yau ita ce: in lokacin komawa kan kundin tsarin mulki ya yi, mu ɗauko na 2010 mu gyara, ko mu wanke allo mu rubuta sabo fil? Na saurari waɗanda suka riga ni magana, galibinsu sabo suke so. Ni ina ɓangaren gyara.

Ku ƙirga da ni. 1960, 1989, 1992, 1996, 1999, 2009, 2010. Jamhuriya bakwai kenan, kowace da nata kundi. Juyin mulki kuma biyar: 1974, 1996, 1999, 2010, 2023. Da rubuta sabon kundi magani ne, da Nijar ta fi kowa lafiya a Afirka ta Yamma. Jamhuriya ta shida wata shida kacal ta yi a duniya, daga 18 ga Agusta 2009 zuwa 18 ga Fabrairu 2010.

A kan wannan ta shidan nake so mu ɗan tsaya, don da yawa cikinmu muna firamare lokacin, sunan Tazarce kawai muka riƙe. Kundin 1999 ya ce shugaban ƙasa wa'adi biyu zai yi na shekara biyar-biyar, kuma ya kulle wannan aya, ya ce ba a taɓa ta ko da sunan gyara. Marigayi Tandja Mamadou ya ga ƙofar gyara a rufe take. To me aka yi? Sai aka ce ai ba gyara za a yi ba, sabon kundi jama'a ke so. Ya rusa majalisar dokoki a watan Mayu 2009. Kotun tsarin mulki, ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazèye, ta ce zaɓen raba gardamar ya saɓa wa doka, ita ma aka rusa ta a ƙarshen Yuni. Ranar 4 ga Agusta aka yi zaɓen, aka sanar da sama da kashi 90 cikin ɗari sun ce i, aka ƙara masa shekara uku, aka cire iyakar wa'adi. Wato kalmar "sabo" ita ce tagar da aka bi da ƙofa ta ƙi buɗuwa. Shi ya sa duk sanda na ji an ce a wanke allo, abin da nake fara tambaya shi ne: wace aya ce ke damun mai maganar, wadda ba ya son ya kira sunanta?

Yanzu mu dubi abin da ke cikin na 2010. Aya ta 47 ta maido wa'adi biyu, aya ta 175 ta sake kulle shi. Da wannan kundi ne a karon farko wani zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa wani zaɓaɓɓe mulki, ranar 2 ga Afrilu 2021. Ko me mutum yake tunani a kan yadda zaɓen ya gudana, kuma na san nan ɗakin ra'ayi ya rabu, wa'adin dai ya tsaya inda aka ce ya tsaya.

Amma ayoyin da suka fi tsaya min a rai su ne daga ta 148 zuwa ta 153. Can ne aka rubuta cewa arzikin ƙarƙashin ƙasa mallakin al'ummar Nijar ne. Aya ta 150 ta ce duk yarjejeniyar haƙar ma'adinai da kuɗin da kowane kamfani ya biya gwamnati, sai an wallafa su gaba ɗaya a jaridar gwamnati. Aya ta 153 ta yi maganar zuba kuɗin a noma, kiwo, lafiya da ilimi, da kuma asusu na ƴan baya. Ƴan uwa, duk maganar ƴancin kai kan yuraniyom ɗin Arlit da man Agadem da muke yi yau a fada da kan Facebook, tana nan rubuce tun 25 ga Nuwamba 2010. Abin da ya rage shi ne aiki da ita. Doka ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin ma'adinai ga ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa. Ku tambayi mutanen Arlit sau nawa kuɗin suka iso kan lokaci. Wannan laifin takarda ne?

Wani ɗan uwa ya ce ɗazu kundin kwafin na Faransa ne, ba namu ba. Yana da gaskiya a wani gefe. Tsarin shugaban ƙasa da firaminista daga can muka aro shi, kuma mun ga yadda ya tsayar da ƙasa cik a 1995, lokacin da Mahamane Ousmane da Hama Amadou suka kasa zama inuwa ɗaya. Amma ayoyin ma'adinai ba daga Faris suka zo ba, ƙungiyoyin farar hula na ƙasar nan ne suka yi ta fafutuka har suka shiga. In muka zubar da kundin duka don fushi da Faransa, har da guminmu za mu zubar.

Me nake so a gyara? Na farko, hanyar kai ƙara. A kundin 2010, shugaban ƙasa, firaminista, shugaban majalisa ko wani adadi na ƴan majalisa ne ke iya zuwa kotun tsarin mulki kai tsaye. Ni da ke da kai, sai in muna cikin wata shari'a ne za mu iya cewa dokar da ake mana hukunci da ita ta saɓa wa kundi. Aya ta 12 ta ce kowa na da haƙƙin ruwan sha mai tsabta. Matar da ke bin layin famfo a Damagaram tun asuba, ina za ta kai wannan aya? A buɗe ƙofar kotun ga ɗan ƙasa da ƙungiyoyi.

Sai maganar afuwa. Kundin 1999 ya yi wa masu juyin mulki afuwa, na 2010 ma haka a aya ta 185, har aka kulle ta tare da ayar wa'adi. Ni a ganina kundin da ke yafe wa wanda ya ture na gabansa, yana koya wa na gaba hanya ne.

Akwai kuma harshe. Dokar da aka sa wa hannu ranar 26 ga Maris 2025, bayan babban taron ƙasa na watan Fabrairu, ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma na aiki. Ta kuma sa wa'adin shekara biyar, wanda ake iya sauyawa. To, tunda haka ne, ba mu son a kawo mana daftari da Faransanci mako biyu kafin zaɓe a ce mu jefa i ko a'a. A fitar da shi da Hausa, Zabarmanci, Fillanci, Tamajak da Kanuri wata shida kafin ranar. A karanta shi aya-aya a gidajen rediyon al'umma daga Tawa zuwa Diffa. A ajiye shi gefe da gefe da na 2010, duk ayar da aka cire a faɗa mana wa ya ce a cire ta, kuma don me.

Na ga mai riƙe da agogo yana ɗaga min hannu. Wanda bai taɓa karanta aya ta 148 zuwa 153 ba, ina da kwafi a waya, ya same ni bayan an tashi.