"Trim": Saisaye ne ko ƙwal-kwabo?

Kalmarmu ta yau ita ce "trim", wadda ake furtawa kamar "tirim".

Ma'anarta a rage abu kaɗan daga gefe ko daga baki, a bar gangar jikinsa. Je ka wajen mai aski nan Ƙofar Kware ka ce ya yi maka saisaye, to wannan shi ne trim. In ya kwashe sumar duka ya bar ka ƙwal-kwabo, ai ba trim ya yi ba, "shave" ke nan. Haka tela in ya datse bakin wando, haka kai kanka in ka yanke farkon bidiyo kafin ka ɗora a WhatsApp. In aikin ya riga ya wuce, sai ka ce "trimmed", da "m" biyu. Masu rubuta jarrabawa, ku riƙe wannan.

To amma inda nake son ku buɗe kunne shi ne labarai. Za ka ji an ce kamfani zai "trim" ma'aikatansa. Kalmar tana da laushi, kamar gyaran fuska za a yi. Alhali wanda aka sallama, shi kam ba gefen komai ba ne, abincin gidansa ne gaba ɗaya ya tafi. Shi ya sa masu sanarwa ke ƙaunarta. 'Yan jarida kuwa in suna son nuna girman ragin sai su ɗauko "slash", wato sara guda da adda.

Ga misali daga gida. A 2012 kwamitin Stephen Oronsaye ya miƙa wa Shugaba Jonathan rahoto, ya ce a rage hukumomin tarayya da doka ta kafa daga 263 zuwa 161. Ku yi lissafi: 102 ke nan, kusan kashi 40 cikin ɗari. Wallahi wannan ya wuce saisaye. Rahoton ya yi ta shan ƙura, sai a Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu ya amince a aiwatar da shi.

Saboda haka in ka ga trim a kanun labari, gangara ƙasa ka nemo lambar: nawa ne a da, nawa ya rage, kuma daga ɓangaren wa aka yanka, motocin manya ko albashin ƙananan ma'aikata?