Hawan jini: cutar da ba ta sallama



Ni ba likita ba ne, ɗan jarida ne. In na kauce, masu sani su gyara mini. Abin da ya kawo ni shi ne wata magana da muke yi a kowane zaman makoki: «Lafiya lau ya kwana, sai aka iske shi ya faɗi.» Wasu su ce iska ce, wasu su ce jifa. Alhali sau tari tansiyo ce, wato hawan jini, da ta yi shekaru tana cin mutum bai sani ba.

Nasaru ma sun daɗe cikin wannan duhu. Cikin 1945 shugaban Amurka Roosevelt ya mutu da fashewar jijiyar ƙwaƙwalwa, tansiyonsa ta kai wajen 30 bisa 19, a gaban manyan likitocin ƙasar. Sai cikin 1948 aka soma binciken garin Firamingam: aka rubuta mutum 5.209, ana auna su kowace shekara biyu, ana jiran a ga wa zai kamu. Daga nan aka tabbatar hawan jini, kitsen jini da shan taba ne ke share wa ciwon zuciya hanya. Ku lura, ba wani sabon magani aka gano ba. Haƙuri ne kawai da rajista da awo.

Binciken da ya fi shafar mu shi ne na Richard Cooper da abokan aikinsa, wanda ya fito cikin 1997. Sun auna baƙar fata na Najeriya da Kamaru, da jikokin bayin da aka kai tsibiran Karayib da Amurka. Masu hawan jini: kashi 16 cikin 100 a Afirka ta Yamma, 26 a Karayib, 33 a Amurka. Tsatso ɗaya, amma cutar na hawa tare da ƙiba da yawan gishiri. Ashe ba gado kaɗai ba ne. Tukunya ce da irin zaman da ake. To, ku dubi Maraɗi da Yamai yau: dunƙulen magi a kowace miya, shayi da sukari sau uku, babur ko zuwa masallacin unguwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, ƙasa da ƙaramin cokali guda.

A nan siyasa ta shigo. Tun shirin Bamako na 1987 majinyaci ke biyan magani, karya darajar sefa ta Janairun 1994 kuma ta ruɓanya kuɗin wanda ake shigowa da shi. Cikin 2006 gomnati ta yafe kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 da na fiɗar haifuwa, kuma ta kyauta. Amma mai tansiyo fa? Maganinsa na kullum ne har mutuwa. Ya sha wata guda, kuɗi su ƙare, ya bari, sai ɓarin jiki ya mutu.

Nijar ta yi binciken STEPS cikin 2007, an bi gida gida an auna mutane. Tambayata: talaka nawa ya ji sakamakon da Hausa ko Zabarmanci? Ina roƙon a karanta shi a gidajen rediyo, a kuma aje na'urar awo a kowane ɗakin shan magani na karkara da kowace kasuwar mako, duk wanda ya kai 14 bisa 9 a ba shi takarda ya je ya ga likita.