Shirya Bikin Fina-finai Sai da Koyo



Yau batunmu shirya bikin baje kolin fina-finai. Wannan sana'a ce, kuma sana'a sai da koyo. Zaɓen fim sai da koyo. Neman izinin mai fim kafin a haska sai da koyo. Riƙon kuɗin masu tallafi ma sai da koyo.

Ku dubi FESPACO, bikin fina-finai na Wagadugu. Tun 1969 ake yinsa, ƙwararru ke riƙe da shi.

A Jos akwai makarantar koyar da aikin fim ta ƙasa. Muna kira ga gwamnatin Kebbi ta tura matasanmu can su samu horo, su dawo da takardar shaida.